Ƙaiƙayin gaba ya ƙi barina tun da maigida ya ƙara aure, ko daga ɗakinta yake ɗebo min?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, da ma'aikatan lafiya in akwai su a nan. Maganar da zan yi ba mai daɗin faɗa ba ce, amma abin ya kai ni maƙura, kuma ba ni da wanda zan iya kallon idonsa in faɗa masa.

Shekaruna 31, a Kano nake aure, yarana biyu. A da ban san ciwon sanyi ba sai lokacin da nake da cikin ƙaramin, aka ba ni maganin matsi a wajen awo, ya wuce abinsa. To bara bayan ƙaramar salla maigida ya ƙara aure. Gida ɗaya ya haɗa mu, kowa da ɗakinta, amma banɗaki da madafa ɗaya ne. Ba a jima da tarewarta ba na fara jin ƙaiƙayi a gabana, tun ina daurewa har ya zama da daddare barci gagarata yake. Wani lokacin cikin tsakar dare zan tashi in ɗebi ruwan randa a roba in zauna a ciki, shi ne kawai nake samun sa'ida. Ga wani farin abu mai kauri da yake fita, kamar an marmasa awara, amma ba ya wari. Wajen ya yi ja ya kumbura, har da 'yan tsage-tsage, in fitsari ya taɓa sai na cije leɓe. Ranar girkina kuwa Allah ne shaida daurewa kawai nake yi, in komai ya lafa in juya bango in share hawayena.

Magani kam na sha. Mai kemis ɗin layinmu yana jin bayanina ya ce infekshan ne, ya haɗa min Flagyl da Ampiclox da wani wai shi sifiro, ya ƙara da allurai, sai Canesten na matsi. Na samu sauƙi na 'yan makonni, abu ya dawo. Na koma, ya ce ai ya yi ƙarfi ne, ya canza min wasu ƙwayoyin da suka fi tsada. Haka muke ta yi. Yanzu da na ji alamarsa ba na jiran kowa, yaro nake aika da kwalin baya ya sayo min irinsa. Na sayi na jarka wajen masu maganin gargajiya, na yi tsarki da bagaruwa, na yi da ruwan ɗumi da gishiri. Wata maƙwabciyata ta ce in cusa tafarnuwa, na cusa, ranar kwana na yi ina kuka. Kuɗin da abin nan ya ci min, da tuni na sayi keken ɗinki.

Kuma kada wata ta ce ƙazanta ce. Ni mutum ce mai ƙyanƙyami. Tun da ta zo na ware butata da bokitina, ba na shiga banɗakin nan sai na watsa Dettol, ruwan tsarkina ma ina ɗiga masa kaɗan, kuma duk wanka sai na sa yatsa na wanke ciki tas da sabulu. Gyaran jiki ma ban yi sake ba. Kun dai san yadda ake yi in za a yi wa mace abokiyar zama: tun kafin biki yayata ta ɗauko min mai gyara, ga tsumi, ga gumba, ga turaren tsuguno, ga wani haɗin matsi mai miski da nake sawa duk ranar da zan karɓi girki.

Abin da na lura shi ne, ko dai ya taso saura kamar mako ɗaya in ga al'ada, ko kuma washegarin kwanana. Wannan na biyun shi ya hana zuciyata sakat. Gwaggona ta ce ba sai an yi dogon bincike ba, daga ɗakin amarya yake ɗebo min, tunda bazawara ce, wa ya san abin da ta taho da shi daga wancan gidan. Na yi wa maigida maganar cikin lallami, na ce mu sha magani gaba ɗayanmu. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ita ma ba ta taɓa kawo masa ƙorafi ba, kada in jawo masa fitina a gida. Ni da ita kuma daga gaisuwa sai gaisuwa, ba fuskar da zan tambaye ta.

To don Allah, namiji yana iya ɗaukar wannan abu daga mace ɗaya ya kai wa ɗayar alhali shi ba ya jin komai? In na warke shi ne yake maido min? Ko banɗakin ne? Kuma da gaske yana hana haihuwa? Don ina da ashanar tazarar haihuwa a hannu, ina so in cire ta bayan babbar salla, amma tsoro ya kama ni.

Hajiya Kaka:

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu, Allah ya yaye miki. Sanyi ba a yi masa maganin mutum ɗaya a gidan mata biyu. Ku ukun nan duk sai kun sha, in ba haka ba aikin banza kike yi. Ki samu wani babba a danginsa wanda yake jin nauyinsa ya yi masa magana, tunda ke ya ƙi saurarenki. Mu a zamaninmu bagaruwa da ganyen magarya muka sani, kuma ba ma saka kamfai na roba da matsattsun wandunan da kuke sawa yanzu a ƙarƙashin zani cikin zafin nan na bazara. Ki nemi na auduga, in kin wanke ki shanya a rana, ba a bayan ƙofar banɗaki ba. In kin yi tsarki kuma ki tsane jikinki kafin ki mayar da kaya. Tafarnuwar nan kuwa kada ki kuskura ki ƙara.

Amaryar Wani Gida:

Ni amarya ce a gidanmu, kuma bazawara, don haka maganar gwaggonki ta soke ni. Yaya ki yi haƙuri, amma ke da bakinki kika ce ba ta taɓa kai ƙorafi ba, ke ce mai ciwon. To ta yaya mai lafiya ta zama ita ce tushen cuta? Haka aka yi min. Ko lallen biki bai gama gogewa a ƙafata ba uwargidana ta bi dangi tana cewa na kawo mata sanyi, har uwar mijinmu ta kira ni ɗaki tana yi min tambayoyin da ko mahaifiyata ba ta taɓa yi min ba. Da aka kwashe mu zuwa asibiti aka auna, ba a sami komai a jikina ba. Har yau ba wanda ya ce min yi haƙuri, kuma in ana taron suna a dangi ina ganin yadda ake kallon butar da na taɓa. Ki je a auna ki tukuna kafin maganar nan ta wuce bakin gwaggonki.

Sista Ungozoma:

Maman Biyu sannu da jiki. Ni ungozoma ce, kuma da wuya mako ya wuce ban ga mai irin labarinki ba. Sai an duba ki za a tabbatar, amma yadda kika kwatanta shi, farin abu mai kauri marar wari, ƙaiƙayi mai hana barci, ja da tsagewa, da tasowa gab da al'ada, ya fi kama da kandida.

Kandida ba baƙuwa ba ce a jikin ɗan Adam. Dangin yis ce, tana zaune a hanji da baki da fata, kuma mata da yawa masu ƙoshin lafiya suna ɗauke da ita a gabansu ba ta yi musu komai ba. Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da Allah ya ajiye a wajen, ana kiransu laktobasilas, su da garkuwar jiki su suke taka mata birki. In aka raunana su sai ta yi yawa, ta fara abin da kike ji. Mace 3 cikin 4 za ta yi wannan ciwo aƙalla sau ɗaya a rayuwarta, har da 'yan matan da ba su taɓa aure ba. Shi ya sa likitoci ba sa lissafa shi cikin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Ba kuma a bakin masai ko a jikin buta ake kwasarsa ba, ki huta da wahalar watsa magani a banɗaki saboda shi.

Batun maigida kuwa, an gwada ba wa maza magani tare da matansu don a ga ko zai hana ciwon dawowa, bai hana ba. Ƙa'idojin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar a 2021 ma ba su ce a ba miji magani ba, sai in shi ma yana da alama, wato kan gabansa ya yi ja, yana ƙaiƙayi ko raɗaɗi. Hakan yana faruwa, amma ya fi yawa ga marasa kaciya da masu ciwon suga, kuma man shafawa ne maganinsa. A yawancin matan da ciwon yake yi wa tafi-ka-dawo, ƙwayar farko ce ba ta mutu duka ba, lafawa ta yi ta sake tashi, ba wata sabuwa aka kawo musu ba.

Amma maganar Hajiya tana da wurinta, domin ba kandida kaɗai ce take kawo ƙaiƙayi da fitar ruwa ba. Akwai tirikomonas. Ruwanta tsinkakke ne, rawaya ko kore-kore, wani lokacin da kumfa da wari. Ita kam ta saduwa ake ɗauka, yawancin maza ba sa jin komai, kuma namiji zai iya kai ta daga wannan ɗaki zuwa wancan. In ita aka gano, ku ukun za ku sha magani lokaci ɗaya, a kuma dakata da kwanciya sai kowa ya gama. Haka gonoriya da kilamidiya, kuma su ne masu haɗarin, don suna iya haurawa mahaifa su toshe hanyoyin ƙwai. Kandida ba ta haurawa can, ba ta hana haihuwa, wannan ki cire shi daga ranki. Sai wanda ake kira BV, mai tsinkakken ruwa ruwan toka da ƙarnin kifi, musamman bayan saduwa. Shi da an daɗe ana cewa ba ruwan miji, sai a 2025 wani bincike da aka yi a Ostireliya kan ma'aurata 164 ya nuna in an haɗa da namijin a magani, kashi 35 cikin 100 na matan ne ciwon ya dawo musu cikin mako 12, in kuwa macen kaɗai aka ba, kashi 63. Kin ga amsar tambayarki ta dogara da wanne ne a jikinki.

Mai kemis kuma ba shi da madubin da zai raba miki su, sai ya ƙulle miki maganin kowa da kowa a leda ɗaya. Ampiclox da sifiro da Flagyl da alluran nan, ba ko ɗaya da yake kashe kandida. Ƙwayoyin da suke tsare miki wajen su irin su Ampiclox suke kashewa. Canesten ɗin ne kaɗai ya yi aiki a cikin ledar, shi ya ba ki sauƙin 'yan makonnin, sauran kuma suka share wa ciwon hanyar dawowa. Shan antibayotik yana cikin manyan abubuwan da suke tayar da kandida. Aika yaro da kwali ma ki daina. A wani bincike da aka yi a Amurka a 2002, cikin matan da suka yanke wa kansu hukunci suka sayi maganin kandida, kashi ɗaya cikin uku ne kacal aka tarar ita kaɗai ce matsalarsu.

Yanzu ki sake karanta abin da kika rubuta da hannunki. Kin ce ciwon ya fara da zuwan amarya. Me kuma ya fara da zuwan amarya? Matsin miski, turaren tsuguno, Dettol a ruwan tsarki, wanke ciki da sabulu. Kuma matsin nan ranar girki kike sa shi, washegari ki tashi da ƙaiƙayi. Fatar wajen ba ta jure turare da sabulu da maganin wanke ƙasa, ƙona ta suke yi, har wani lokacin abin da mace take ji ba kandida ba ce ma, ƙunar waɗannan abubuwan ce. Ciki yana wanke kansa da kansa. Ko a Risala da muka karanta a Islamiyya ba a ɗora wa mai tsarki wanke abin da yake can ciki ba. Ruwa zalla daga waje ya isa, ki fara da gaba sannan baya, ki tsane kamar yadda Hajiya ta ce.

Ki ajiye komai, na kemis da na jarka da na mai gyara. Ki je sashen mata na asibiti lokacin da ciwon yake kan ganiyarsa kuma ba ki cusa wani magani kwana kusa ba, don in kin cusa gwajin zai iya fitowa ba komai. A nan Kano ko Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano duk suna da sashen. Za a ɗauki ruwan da ɗan tsinke mai auduga, shi ne gwajin HVS. Ki faɗa wa likita cewa ya fi sau uku a shekara yana dawo miki, domin daga sau uku zuwa sama maganinsa daban ne da na mai yi sau ɗaya. Ki kuma roƙi a auna miki suga da safe kafin ki karya, da gwajin ƙanjamau, wanda ake yi wa duk mai irin wannan, ba don ana zarginki ba. Akwai mai ciwon suga a gidanku? Yaranki da nauyi nawa kika haife su?

In an tabbatar kandida ce, abin da aka saba bayarwa shi ne fulukonazol miligiram 150, a sha rana ta 1 da ta 4 da ta 7, sannan ƙwaya ɗaya duk mako har wata 6. A binciken 2004 da aka gina wannan tsari a kansa, mata 9 cikin 10 ba su ga ciwon ba muddin suna sha, amma wata 6 bayan dainawa ya dawo wa fiye da rabinsu. Na faɗa miki haka ne don ki san ƙwaya kaɗai ba ta isa ba sai an gano abin da yake tayar da shi. Kuma likita ne zai rubuta miki, ba yaron aike ba.

Wani Magidanci daga Zariya:

Ku yi haƙuri da shigowata zancen mata, matata ce ta nuna min ta ce in yi magana. Ni ma mata biyu gare ni, sai dai a gidana ni ne mai ƙaiƙayin, su lafiyarsu lau. Kan gabana ya riƙa yin ja yana daddarewa, in na kusanci iyali kuwa washegari tafiya ma da ƙyar. Ga ƙishirwa, ga tashin fitsari da daddare ba adadi, ga rama, wandunana duk suka yi min yawa. Wata rana na lura kiyashi suna taruwa a inda na yi fitsari a bayan shago. Da na je asibiti likita bai ma tsaya dogon duba wajen ba ya ce a soki yatsana. Suga ne ya hau sosai. Da aka ɗora ni a kan maganin suga, aka ba ni man shafawa na 'yan kwanaki, ban sake ganin abin ba sai in na yi sakaci da abinci.

Shawarata a kan maigidanki ita ce, kada a tura masa babba. Namiji in aka ce masa ya kawo cuta gida, abin da kunnensa yake ji shi ne ana zarginsa da bin matan banza, ko ana zagin amaryarsa. Daga nan ya toshe kunne, ko da kuwa yana jin wani abu a jikinsa ba zai faɗa ba. Ki ce masa ba ki da lafiya ya kai ki asibiti, iyakarta ke nan, kada ki ambaci kowa. In akwai abin da ya kamata ya sha, daga bakin likita zai fi karɓa.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na dawo da bayani.

Na bi shawarar Malam, na ce ya kai ni kawai, ya kuwa kai ni ba musu. Allah ya taimake ni likitar mace ce. Ta duba, ta ɗauki ruwan kashi biyu, ta ce ɗaya daga bakin mahaifa ne. Da na lissafa mata abubuwan da na sha da waɗanda nake cusawa sai ta ajiye biro ta tsaya tana kallona. Sakamako ya fito kandida ce, ba a ga tirikomonas ko wata cutar ba, na ƙanjamau ma lafiya lau alhamdu lillahi. Amma suga ya nuna 6.5. Ta ce bai kai ciwon suga ba amma yana bakin ƙofa, ta rubuta min wani gwajin sugan na daban, HbA1c, ban karɓo ba tukuna. Sista, tambayar da kika yi: mahaifiyata tana da suga ta daɗe a kan magani, kuma ƙaramin nawa kilo 4.2 aka auna shi ranar haihuwa, har nas-nas suna tsokanata wai na haifo ɗan dambe.

Likitar ta hana ni tsumi da gumba saboda mazarƙwaila da zuma da dabinon da ake zubawa, da lemon kwalba. Ta rubuta fulukonazol ɗin yadda kika faɗa. Ta sa aka kira maigida ta yi masa tambayoyi, ya ce ba ya jin komai, ta ce to ba abin da za ta ba shi. Tun a mota ya fara "ai na gaya miki", har yau bai gaji ba. Gwaggo kuma ta ce su asibiti ba komai suke gani ba. Yayata ma ta yi fushi da na ajiye matsin, wai mai gyaran ta ce in na daina zan buɗe, in bar wa yarinya fili.

Amma Sista ga abin da bai bar ni ba. Girkina na baya-bayan nan ban sa komai ba, ko turare ban tsuguna ba, kuma na fara shan maganin, amma da safe sai da na ji raɗaɗi da ɗan ƙaiƙayi, duk da bai kai na da ba. To in ba daga jikinsa ba ne, wannan kuma daga ina? Maganar ashana ma ban samu na yi da likitar ba, layi ya yi yawa ana ta leƙowa.

Sista Ungozoma:

Ma sha Allah, kin yi ƙoƙari. Raɗaɗin safiyar nan ba sabuwar cuta aka zuba miki ba. Fatar da ta shafe watanni tana kumbure tana tsagewa ba ta warkewa da ƙwaya ɗaya ko biyu, gogayya kaɗai ta isa ta fama ta. Ga shi kina shiga da fargabar zafi, fargaba kuma tana kawo bushewa, bushewa ta ƙara gogayyar. Maniyyi ma yana canza yanayin wajen na ɗan lokaci, kuma in ana amfani da yawu don sauƙaƙawa a daina, yana cikin abubuwan da aka danganta da tashin kandida. Ki nemi ya ɗaga miki ƙafa har tsagewar ta rufe, tunda yanzu ya ji daga bakin likita. Bayan nan akwai man sauƙaƙa saduwa na ruwa marar turare a manyan kantunan magani. In kuna so ku gwada da kororon roba ku ga ko akwai bambanci babu laifi, amma ba a lokacin da kike shafa Canesten ko matsa shi ba, don yana raunana robar.

Maganar ashana ita ce mai muhimmanci, kada ki cire sai kin koma kin faɗa wa likitar. Ba a ba mai ciki ko mai neman ciki fulukonazol na sha, saboda an danganta shi da ɓari, kuma da an cire ashana ciki yana iya shiga tun watan farko. Ko dai ki bari ki cika wata 6 ɗin sannan a cire, ko ta mayar da ke kan na matsi, kulotirimazol miligiram 500 sau ɗaya a mako. Ni da za ki ji tawa ki jira, saboda sugan. A gwajin safe kafin a karya, daga 5.6 zuwa 6.9 ana kiransa share fagen ciwon suga, 7.0 zuwa sama shi ne ciwon, a HbA1c kuma, da ma'auninsa daban ne, kashi 6.5 cikin 100 ne iyakar. Da uwa mai suga da jariri da ya haura kilo 4, akwai yiwuwar ya taɓa hau miki a wancan cikin ba a gane ba. Ciki yana ƙara tayar da suga, yana kuma ƙara tayar da kandida, gara ki shige shi da sugan a daidai, ki kuma faɗa tun ranar farko ta awo.

Batun buɗewa, matsi ba ya matse komai, busar da fata yake yi ta kumbura, shi ake ji kamar matsewa. Tsoka ce take riƙe wajen, kuma motsa ta ake yi: ki matse kamar mai riƙe fitsari, ki ƙirga biyar, ki saki, sau goma safe da rana da dare, amma ba lokacin da kike fitsarin ba.

Ki kuma duba takardar gwajinki ko an rubuta nau'in kandidar. Mafi yawa albikans ce, tana jin fulukonazol. Amma cikin masu tafi-ka-dawo, kashi 10 zuwa 20 cikin 100 wani nau'in ne irin su gilabrata, wanda ba ya jinsa sosai. In kin gama ƙwayoyi ukun farko ƙaiƙayin bai lafa ba, kada ki ƙara wa kanki, ki koma ki ce a tantance nau'in.